Danshi a Garaji: Mu Tambayi Rumbu



Akwai wani labari da yake maimaita kansa a garuruwanmu na ƙasar Kurfai. Sunan mai shi ne kawai yake sakewa. Mutum ya tafi cin rani, ya samo abin hannu. Ya dawo gida ya sayi babur da injin ban-ruwa. Ya ce kayan nan ba za su kwana a waje ba. Sai ya gina garaji a bakin gidansa da tubalin ƙasa, ya rufa kwano. Ya yi ƙofa mai faɗi. Ya bar daɓe daidai da hanya, don babur ya shiga ba wahala. Daga nan ya sayi siminti ya shafe bango ciki da waje. Garaji ya yi kyau, kowa ya zo ya yi masa barka.

Da kaka ta yi, ɗakin ajiya ya cika. Sai ya kai buhunan hatsi da na wake garaji, ya jingina su da bango. A kusurwa ya ajiye irin shuka da buhun takin zamani.

Damana ta farko ba abin da ya faru. A ta biyu, gindin bango ya yi duhu, wani farin abu kamar kanwa ya fito. A ta uku, siminti ya kumbura. In ka ƙwanƙwasa shi sai ka ji yana amo kamar ganga. Buhun da ke ƙasa ya yi fumfuna. Taki ya dunƙule. Sarƙar babur ta yi tsatsa. Me mai garaji ya yi? Ya sake sayen siminti, ya ƙara shafe. A tsakiyar watan Agusta, cikin dare, bangon gabas ya zube.

Jama'a suka taru suna jaje. Wasu suka ce simintin ne ba shi da kyau. Wasu suka ce magini ne bai iya ba. Ni kuwa ra'ayina dabam ne. Ruwa ne ya kā da bangon nan, kuma mai garajin ne ya ba ruwan masauki da hannunsa. Danshi ba a rufe shi, korarsa ake yi. Wanda ya shafa siminti a kan jiƙaƙƙen bango kamar mai gyambo ne da ya ɗaure shi da sabon ƙyalle bai wanke ba. Maganin kuwa yana kusa da mu, a bayan gida, inda rumbu yake tsaye.

Abin da rumbu ya sani

Ku dubi rumbun da muka gada wurin kakanni. Ko na ƙasa ne ko na kara, ba ya zama a ƙasa. A kan duwatsu ake ɗora shi, ko a kan itatuwa. Iska tana wucewa ta ƙarƙashinsa, har kaji su sha inuwa. A kansa akwai jinka mai faɗi, wadda take zubar da ruwa nesa da jikinsa. Jikinsa kuma yana shan iska: laimar da ta shiga tana samun hanyar fita. Shi ya sa damin hatsi yake yin shekara biyu ko uku a ciki, a fitar da shi lafiya lau.

Abu uku ke nan: gindi a sama, jinka mai faɗi, jiki mai shan iska. Garajin da muka ba da labarinsa ya rasa duka ukun. Daɓensa yana ƙasa. Kwanonsa bai wuce bango ba. Siminti ya toshe masa numfashi. Duk da haka muka kwashe abincin shekara muka kai masa ajiya.

Ruwanmu kaɗan ne, amma tare yake zuwa

Wani zai ce: mu da muke kukan fari, ina mu ina zancen danshi? Gaskiya ne, ba mu manta da 1973 da 1984 ba. Ruwan da Filinge take samu a shekara yana kai-komo wajen milimita 400. Amma kusan dukansa yana sauka cikin wata uku zuwa huɗu, mafi yawa a Yuli da Agusta. Wani lokaci ruwan dare ɗaya ya fi na sati uku.

Mu yi lissafi. Muna jin rediyo tana cewa an samu milimita kaza a gari kaza. Ga ma'anarsa: ruwan milimita 1, in ya sauka a wuri mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, lita 1 ke nan. To, a ce rufin garaji yana da tsawon mita 6 da faɗin mita 4. In aka yi ruwan milimita 40, rufin nan zai zubar da lita 960. Wannan ya kusa tano 5, irin mai cin lita 200. A damana guda kuwa, tano 48 ne. Yanzu ka tambayi kanka: ina wannan ruwa yake zuba? A gidaje da yawa, a gindin bango yake zuba.

Sannan mu tuna inda muke zaune. Filinge tana bakin Dallol Boso. Dallol tsohon kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da, amma akwai ruwa kwance ƙarƙashin rairayinsa. Shi ya sa a wajen Bonkuku rijiya ba ta da zurfi, har ake noman dankalin turawa da rani. Wannan alheri ne ga mai garka. Amma bangon da aka gina a kwari, gindinsa yana kusa da laima. A kan tudu kuma, inda fako yake, ƙasa ba ta shan ruwa. Sai ya gangaro da gudu, ya bi ƙoramu da hanyoyin gari, ya nemi ƙofar da ta fi ƙasa. Sau da yawa ƙofar garaji ce.

Shekarun nan sun nuna mana abin ba wasa ba ne. A 2020 kogin Kwara ya cika ya shiga unguwannin Yamai. A damanar 2022 mutane kusan 200 suka rasu a Nijar, kuma mafi yawansu gini ne ya faɗa musu. A 2024 waɗanda suka rasu sun wuce 300, waɗanda ɓarnar ta shafa sun wuce miliyan ɗaya. A farkon Satumba na shekarar nan ta 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya daɗe fiye da shekara 150, ya rushe bayan ruwa mai yawa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Hanyoyi uku da ruwa yake shiga

Kafin a ba da magani, sai an san ciwo. Ruwa yana shiga gini ta hanya uku.

Ta farko, daga sama. Kwano ya huje wurin ƙusa, ko indararo ya toshe, ko ya yi gajere. Alamarsa ita ce danshi yana farawa daga saman bango yana gangarowa.

Ta biyu, daga gefe. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska tana maka ruwa a bango. Shi ya sa bangon gabas yake riga sauran lalacewa. Haka kuma ruwan da ya faɗo daga kwano yana dukan ƙasa, ya yi tsalle ya jiƙa gindin bango. Kada mu manta da wurin wanka, da wurin wanke-wanke, da randar da aka jingina a bayan garaji. Waɗannan suna jiƙa bango rani da damana.

Ta uku, daga ƙasa. Wannan ita ce mutane ba su cika ganewa ba, don sun saba ganin ruwa yana gangara. Amma ku dubi lagwanin fitila, yadda yake jan kananzir zuwa sama. Ko ku tsoma gefen ƙwayar sukari a shayi, ku ga yadda shayin yake hawa. Haka bango yake. A jikin tubali akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Su ne suke tsotso ruwa daga ƙasa. Yakan hau har wajen ƙugun mutum. Bulon siminti ma yana tsotsa.

Ruwan ƙasa ba shi kaɗai yake hawa ba. Yana ɗauke da gishiri da kanwa. In ruwan ya bushe, sai ya bar su a jikin bango. Su ne farin abin da muke gani. Suna taruwa a cikin ƙofofin nan, suna tura ƙasa, har gindin bango ya zama gari. In kun ga awaki sun dage da lasar gindin bango, gishirin nan suke bi.

Ga wani gwaji da ba ya cin ko dala. Ka samu leda mai faɗin kamu ɗaya, wadda ba ta huje ba. Ka shimfiɗa ta a daɓen garaji. Ka danne gefunanta duka da busasshen rairayi. Ka bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga ƙarƙashinta ya jiƙe, ruwan daga ƙasa yake. In samanta ne ya yi raɓa, to iskar ɗakin ce take da laima, garajin yana bukatar taga.

Me ya sa siminti ba magani ba ne

Ba ina zagin siminti ba ne. Yana da wurinsa: harsashi, daɓe, bakin rijiya, magudanar ruwa. Amma a kan bangon ƙasa mai danshi, cuta yake ƙarawa. Ga dalilai.

Bangon ƙasa yana shan ruwa da damana, ya fitar da shi da rani. Muddin yana samun iska, zai bushe. In ka rufe shi da siminti ciki da waje, ruwan da yake hawowa daga ƙasa ya rasa mafita. Sai ya taru a ciki, ya ƙara hawa sama. Tubali ya yi laushi kamar tuwo, alhali daga waje bango yana sheƙi.

Kuma ƙasa da siminti ba sa tafiya tare. Ƙasa tana kumbura in ta jiƙe, ta tsuke in ta bushe. Siminti kuwa a sandare yake. Ba a daɗewa sai su rabu, siminti ya tsage. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ruwa ma haka. Yana shiga ta tsagar, ya kwanta a bayan siminti, rana ba ta ganinsa.

Mafi muni, siminti yana ɓoye alama. Bangon yaɓe in ya fara ciwo, kowa yana gani, a gyara. Bangon da aka shafe da siminti ba ya faɗin komi sai ranar da ya zube. Fenti mai mai shi ma haka yake toshe bango.

Abin da danshi yake ci

Danshi yana cin lafiya. Ɗaki mai danshi yana haifar da fumfuna, ƙurarta tana bin iska tana shiga ƙirji. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan haka: masu zama a ɗaki mai danshi da fumfuna sun fi yawan tari da ciwon ƙirji, kuma fuka tana tsananta gare su. Mun sani garajinmu ba na babur kaɗai ba ne. Nan samari suke kwana, nan ake sauke baƙo. Ruwan da yake kwanciya a gindin bango kuma gidan sauro ne. Da zafin damana, ƙwan sauro yana zama sauro mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10. Daga nan sai masassara ta kama yara. In akwai wayar lantarki a jikin jiƙaƙƙen bango, ita ma hatsari ce.

Danshi yana cin abinci. Buhun da ya kwanta a jiƙaƙƙen daɓe yana shan laima daga ƙasa. Wata irin fumfuna tana fitar da dafi da likitoci suke kira aflatoksin. Ta fi kama gujiya da masara, amma ba ta bar dawa da hatsi ba. Dafin nan yana ɓata hanta, yana iya kawo sankarar hanta. Wanki ba ya fitar da shi, dahuwa ba ta kashe shi. A ƙasar Kenya, a 2004, mutum 125 suka mutu bayan sun ci masarar da ta yi irin wannan fumfuna. Kada a ce bari a ba dabbobi. In saniya ko akuya ta ci, dafin yana bi ta nono ya dawo cikin ƙwaryarmu.

Danshi yana cin noman baɗi. Irin da ya sha laima ba ya tsira da kyau. Manomi zai shuka, ya jira, ya ga gona ta fito da giɓi, ya ɗora wa mai sayar da iri laifi. Takin zamani yana narkewa ko ya dunƙule. Buhun siminti yana zama dutse. Harawa tana ruɓewa. Gara kuma ba abin da take so kamar laima da duhu.

Daga ƙarshe, danshi yana cin rai, ranar da bango ya faɗa wa mai barci.

Aikin da ya kamata, bi da bi

Lokacin wannan aiki shi ne bayan an gama girbi, har zuwa bazara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai hadari ya haɗu, ya makara. Kuma a bi aikin bisa tsari, kada a fara da na ƙarshe.

1. Tun damana ba ta wuce ba, ka fita lokacin da ake ruwa, ka zagaya garajin. Ka ga inda ruwa yake zuba, inda yake bi, inda yake kwanciya. Ka sa alama da dutse.

2. Ka gyara sama. Ka toshe hujin kwano. Bakin kwano ya wuce bango da kamu ɗaya, wato wajen rabin mita. In rufin ƙasa ne, ka share indararo, ka sa mai tsawo. Inda ruwan yake faɗuwa ka jera duwatsu, ko ka ajiye tano. Ruwan tano zai yi wanki da ban-ruwan itace, amma a rufe bakinsa saboda sauro.

3. Ka kori ruwa daga gindin bango. Ka zuba jar ƙasa kewaye da garajin, ka daddaɓe ta sosai. Ta zama mai gangara zuwa waje: a kowace mita ɗaya ta sauka kamar faɗin yatsa uku. Faɗinta ya kai mita ɗaya ko fiye. Bayan nan ka yi ƴar magudana da za ta kai ruwa nesa.

4. Ka ɗauke duk abin da yake jiƙa bango. Wurin wanka, randa, turken dabbobi da juji su matsa nesa. A daina wanke babur ko mota cikin garaji.

5. Ka ɓamɓare simintin da ya kumbura, daga ƙasa har ya wuce inda danshi ya tsaya. Ka goge farin gishirin da busasshiyar tsintsiya, ka kwashe shi ka zubar nesa. Kada ka wanke shi da ruwa, zai koma cikin bango. Ka bar bangon ya sha iskar hunturu wata biyu ko uku.

6. In gindin bango ya cinye, ka kira magini. A tokare bangon tukuna. A gyara kaɗan-kaɗan, kamu biyu a lokaci guda, da dutse ko busasshen tubali. In wannan ya kama, a matsa gaba. Kada a rarake gindin bango duka rana ɗaya.

7. Sannan a yi yaɓe irin namu: ƙasa mai kyau da ciyawa da kashin shanu, a bar ta ta kwana ta ruɓa. Inda ake samun makuba, ta ɓawon ɗorawa, a sa ta. Farar ƙasa ma tana barin bango ya sha iska. A sabunta yaɓen kafin kowace damana, musamman bangon gabas.

8. Sai daɓe. A kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasa, amma kada a haƙa har a wuce gindin harsashi. A zuba tsakuwa mai kaurin santimita 10 zuwa 15, a daddaɓe. Ruwa ba ya iya hawa ta cikin tsakuwa, don ƙofofinta manya ne. A shimfiɗa leda mai kauri, gefe bisa gefe, bakinta ya ɗan hau bango. Sannan a zuba siminti, ko a yi daɓen jar ƙasa. Daɓen ya fi hanya tsawo da santimita 20 ko fiye. A yi ƴar gangara a bakin ƙofa daga waje, don babur ko amalanke su hau.

A nan akwai gargaɗi. In ka yi daɓen siminti da leda alhali ba ka kori ruwan waje ba, laimar da ta rasa hanya ta daɓe za ta koma cikin bango. Shi ya sa daɓe ya zo a ƙarshe.

9. Ka buɗe ƙananan tagogi biyu a sama, suna duban juna. Ka sa musu raga saboda ɓera da tsuntsu. Ranar da gari ya yi rana, ka buɗe ƙofa.

10. Kada buhu ya taɓa ƙasa, kada ya taɓa bango. Ka jera duwatsu, ka ɗora itatuwa, sannan buhuna. Tsakanin buhu da bango a bar wurin da mutum zai iya wucewa. Amfanin gona kuma ya bushe sarai kafin a ɗure shi.

Wanda zai yi sabon gini, aikinsa ya fi sauƙi. Ya zaɓi tudu, ya kauce wa hanyar ruwa. Ya yi harsashi da dutse, ga shi nan a gefen Dallol. Harsashin ya fito sama da ƙasa kamar kamu ɗaya. A kansa ya shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta, sannan ya fara jera tubali. Wannan ƴar shimfiɗa ita ce take yanke wa ruwa hanyar hawa. Kuɗinta kaɗan ne ranar gini. Bayan an gama gini kuwa, sa ta babban aiki ne.

Akwai alamomin da ba a jira da su. In tsaga tana ƙara faɗi, ko bango ya yi ciki, ko ƙofa ta daina rufuwa, ko gindin bango ya cinye har kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, a fitar da mutane da dabbobi a ranar. Kwana a rumfa ya fi kwana a ƙarƙashin irin wannan bango.

Amsa ga masu ja

Wasu za su ce: ginin ƙasa ya tsufa, bulo ne maganin. Na ce bulon da aka jera a kwari ba tare da shimfiɗar nan ba, shi ma zai tsotsi ruwa. Ba zai narke kamar tubali ba, amma hatsin da ke ciki zai yi fumfuna, ƙarfe zai yi tsatsa. Ginin ƙasa kuwa yana daɗewa in an kula da shi. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali na ƙasa ne. An gina shi a 1907, a garin da ruwa yake kewayewa da damana. Yana tsaye ne don an ɗora shi a kan dandamali mai tsawon kusan mita 3, yana da dogayen indararo, kuma kowace shekara mutanen gari suna taruwa su yaɓe shi.

Ba sai mun je Mali ba ma. A nan Shikal, a 1980, aka fara gini ba katako a Nijar, tare da ƙungiyar Development Workshop da aikin Tapis Vert. Bango da rufi duka na tubalin ƙasa ne. Cikin gine-ginen farko har da cibiyar yaƙi da jahilci. Magina da dama na ƙasarmu sun koyi wannan sana'a, sun kai ta wasu jihohi. Wanda yake gina rufi da ƙasa ya san darajar harsashi da indararo da yaɓe. Mu nemi irin waɗannan magina, mu saurari shawararsu.

Wasu za su ce: ba mu da kuɗi. Ku sake duba jerin nan na sama. Mafi yawansa jar ƙasa ne, da dutse, da tsakuwa, da amalanken jaki, da ƙarfin hannu. Mai garajin da muka ba da labarinsa ya sayi siminti sau biyu, ya yi asarar hatsi da iri da taki, sannan ya sake gina bango. Wanne ya fi tsada?

Wasu kuma za su ce: abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Haka ne. Amma mai wannan magana yana ɗaure akuyarsa da dare, kuma bai taɓa zuba hatsinsa a ƙasa ya tafi ba. A kan duwatsu ya ɗora rumbunsa.

Ruwan unguwa, aikin unguwa

Akwai abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. In na ɗaga ƙofata na tura ruwa gidan maƙwabcina, ban yi gyara ba, rigima na shuka. In indararona yana zuba a bangonsa, ciwon da na kora daga gidana na kai masa. Hanyoyin garinmu kuma suna ƙara tudu kowace shekara, saboda rairayi da shara. Garajin da yake daidai da hanya bana, bayan ƴan shekaru zai zama rami.

Don haka ina kira ga masu unguwanni da masu gari. Kafin damana, a zauna a duba inda ruwan kowace unguwa zai bi. A yi gayya a share magudanu, a kwashe leda da shara. A cike ramukan da aka ɗebi ƙasar gini kusa da gidaje. Ma'aikatar magajin gari kuma ta hana gini a kan hanyar ruwa, ko na wane ne. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mata, ku ma kuna da babban rabo a nan. Ku ne kuke ɗebo hatsi, ku ne kuke fara jin warin fumfuna. In kun ji, ku faɗa, kada ku yi shiru. Abin da ya yi fumfuna kada ya shiga turmi.

Ya kai mai karatu, in ka gama karanta wannan, ka karanta wa maƙwabcinka da bai samu zuwa aji ba. Sannan ku tashi tare ku je garajinka, ko shagonka, ko ɗakin ajiyarka. Ku ƙwanƙwasa gindin bango. Ku ɗaga buhun da ke ƙasa ku duba. Ku shimfiɗa ledar gwaji. In kun ga danshi, kada ku nufi wurin mai siminti tukuna. Ku fara ɗauko shebur da amalanke.

Allah ya kai mu damana lafiya, ya sa mu ga bayanta ɗakunanmu suna tsaye, rumbunanmu cike.